Turbo ko sauya inji? Fara tambayar man da motarka take sha

Ɗan yayata yana da Camry ƙirar 2008 mai filogi huɗu. Da ita yake zuwa aiki, da ita yake sauke yara a makaranta, ranar Lahadi kuma ita ke ɗauko buhun shinkafar gidan. Kwanaki ya same ni a ƙofar gida, ko gaisuwa ba mu gama ba ya miƙo mini waya. Wani Ba'amurke ne a bidiyo ya ɗaura wa irin motarsa turbo, tana tashi tana wani fito kamar jirgi.

"Kawu, wannan zan sa, ko in cire injin gaba ɗaya in zuba mai filogi shida?"

Na ce ya zauna tukuna. Abin da na faɗa masa shi zan maimaita a nan, don na lura gardamar ta shiga majalisun samari daga Kano har Abuja: motar da kake hawa kullum, a ƙasar nan, da man nan, cikin zafin nan, kada ka ɗaura wa tsohon injinta turbo. In lallai sai ka ƙara mata ƙarfi, sauya inji ya fi, shi ma da sharaɗi mai tsauri.

Ba raina turbo nake yi ba. Dabara ce mai ban sha'awa, tun 1905 wani injiniya ɗan Switzerland, Alfred Büchi, ya yi rajistarta. Hayaƙin da inji ke zubarwa ta salansa shi ake tarewa ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar uwarta da ke ɗura iska cikin inji da ƙarfi. Juyin yakan wuce sau dubu 100 a minti ɗaya. Iska ta ƙaru, a ƙara mai, ƙarfi ya ƙaru. In ka ɗora rabin matsin iskar duniya a kan wanda inji ke shaƙa da kansa, za ka iya samun ƙarin ƙarfi kamar kashi 30 zuwa 40 cikin 100, ba tare da ka kwance kujerar inji ko ɗaya ba. Duk DAF da MAN da Howo da ke ratsa hanyar Kaduna da turbo suke tafiya, haka Hilux masu shan gas da yawa. To me zai hana Camry?

Abin da zai hana shi ne injin fetur ba injin gas ba ne, kuma wanda aka ƙera don turbo daban yake tun daga ciki. Toyota da kanta ta ba mu misali. Tana da inji mai suna 2JZ, iri biyu. Marar turbo, wanda ke cikin Lexus GS300, fistin ɗinsa na matse iska da mai kusan sau 10 kafin filogi ya kunna. Da za su yi mai turbo na cikin Supra ta 1993, sai suka rage matsin zuwa 8.5, suka sauya fistin, suka ƙara wasu 'yan bututu masu fesa baƙin mai a ƙarƙashin fistin don ya huce. Jikin injin kuwa baƙin ƙarfe ne. Kamfanin da ya fi kowa sanin injinsa bai yarda ya ɗaura turbo haka kawai ya rufe bonet ba. Injin Camry ɗin ɗan yayata, 2AZ-FE, jikinsa na alminiyam ne, matsinsa ya kusa 10, kuma ba a ƙera shi don turbo ba.

Dalilin rage matsin shi ne abin da ke kashe inji a ɓoye. Idan iska ta yi yawa, ta yi zafi, aka kuma matse ta sosai, sai fetur ya fashe da kansa ba bisa tsarin filogi ba. Kunne mai kyau zai ji wani ƙas-ƙas kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Kowane ƙas guduma ce a kan fistin. Yau kaɗan, gobe kaɗan, ranar da gefen da ke riƙe zobe ya tsage sai ka ga farin hayaƙi da shuɗi a madubi, bakanike ya ce maka inji ya buga.

An taɓa gwada gajeriyar hanyar, kuma babban kamfani ne ya gwada. A 1962 General Motors ta fitar da Oldsmobile Jetfire, ɗaya daga cikin motocin shiga na farko masu turbo a duniya. Sun bar matsin injin a 10.25, sai suka haɗa wata 'yar tanki ta ruwa gauraye da sinadarin methanol da ke fesawa don hana waccan fashewar. Masu motar suka riƙa mantawa da cika tankin, ƙorafi ya yi yawa, cikin shekara biyu aka daina ƙera ta, daga baya ma kamfanin ya riƙa cire wa masu so turbon yana mayar musu da kafireto. Wannan fa injiniyoyin babban kamfanin Amurka ke nan da ɗakunan gwajinsu.

Mu dawo gidan mai. Abin da ke hana fetur fashewa kafin lokaci shi ne lambar octane ɗinsa, kuma a nan ne bidiyon Amurka ke yaudarar yaranmu. Mai bidiyon zai ce ya sha 91 ko 93. Yaro ya ji an ce ma'aunin fetur ɗin Najeriya 91 ne, sai ya ce ai shi ke nan, ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Amurka da wani ma'auni take ƙirga nata. Abin da su ke kira 91 zuwa 93 ya yi daidai da 95 zuwa 98 a ma'aunin da mu da Turai muke amfani da shi, namu 91 ɗin kuwa shi ne nasu 87, wato mafi araha a famfonsu, wanda duk mai haɗa turbo a can zai ce maka kada ka kusance shi. Su kuma suna da zaɓi uku a famfo guda. Kai famfo ɗaya ne, abin da tanka ta sauke shi za ka sha. Ba a manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol har hukuma ta amsa, motoci suka yi ta tsayawa a hanya. Balle ranar da mai ya yanke maka tsakanin Zariya da Funtuwa da dare, ka tsaya wajen ɗan bumburutu ya tsiyaya maka galan ɗin da ba ka san abin da ke ciki ba. Injin da aka bari yadda kamfani ya yi shi zai yi tari ya wuce. Wanda aka matsa masa har bakin iyaka ba shi da wannan rarar.

Sai zafi. A watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Kano sukan haura digiri 40, a inuwa ma. Turbo kuwa a bakin salansa yake zama, inda hayaƙi ke kai wa digiri 900, kuma iskar da ya matse takan ƙara zafi, shi ya sa ake sa mata nata lagireton a gaban mota. Wannan lagireton iska yake jira ta buge shi. A cunkoson Kofar Nasarawa ko na Maraba da Nyanya, mota na tsaye, na'urar sanyi a kunne, wace iska? Ga shi ya tare gaban lagireton ruwa na asali, wanda dama da ƙyar yake riƙe kansa. Ga baƙin mai: da man injin turbo yake shafe ƙarfensa, ana huda masa hanya ya shiga ya fito, kuma yana son mai tsabta, marar kauri, ana juyewa a kan kari. Mu kuwa mun san kanmu. Sai mai ya koma kamar kwalta ake tunawa da shi, wani ma na awo ake ƙara masa a bakin titi. Ƙurar hunturu ban ma taɓo ta ba.

Amma duk waɗannan da sauƙi a kan matsala guda, wadda ita ce ainihin dalilina. Turbo ba aikin sifana ba ne, aikin lissafi ne. Ƙwaƙwalwar motar an tsara ta ne a kan iskar da injin ke shaƙa da kansa. Da ka ƙara iska, dole a sauya nozul zuwa manya, a sauya famfon mai, sannan a sake rubuta wa ƙwaƙwalwar yawan man da za ta ba da da lokacin da za ta kunna wuta a kowane matakin totur. Ana yin wannan ne da kwamfuta, mota na gudu a kan wasu gangunan ƙarfe da ke auna ƙarfinta, ana kallon ma'aunin hayaƙi. Kuskure kaɗan a nan shi ne bambancin injin da zai shekara biyar da wanda zai yi sati biyu. Ina girmama makanikanmu ƙwarai, mutanen da ke tayar da matacciyar mota da waya da filaya, amma a faɗi gaskiya, masu wannan sana'ar ta musamman ba su da yawa. Ko ka dace da ɗaya a Legas ko Abuja, ranar da motar ta fara shaƙewa a Gusau wa zai taɓa ta? Duk wanda ya buɗe bonet ya ga bututun da bai sani ba, ko dai ya ce ba ruwansa, ko kuma, wanda ya fi muni, ya ce ya iya.

A ƙara da shekaru. Yawancin motocinmu 'yan Beljiyam ne, sun gama rayuwa guda a Amurka ko Turai kafin su sauka Kwatano ko Apapa, kuma lambar da ke kan allon tafiya ba kullum take faɗin gaskiya ba. Dattijon da ke tafiyarsa lafiya da sanda, ka ɗora masa buhun gero ka ce ya yi gudu. In injin bai gaza ba, giya mai canza kanta za ta gaza, don ita ma an auna ta ne da ƙarfin da aka san za ta ɗauka.

To sauya injin fa? Shi ma kashi biyu ne, kuma ɗaya kaɗai nake goyon baya. Akwai irin wanda ake yi a Amurka, a ɗauko injin LS mai filogi takwas na General Motors, wanda ya cika wuraren tarwatsa motocinsu, a cusa shi a motar da ba danginsa ba. Wannan sai da yanka da walda da ƙera sabuwar kujerar inji, kuma wahalarsa ba ta gaza ta turbo ba. Wanda nake nufi shi ne injin da kamfanin da kansa ya taɓa sa wa wannan gangar jikin. Camry ta 2007 zuwa 2009 ta fito iri biyu: mai filogi huɗu da ƙarfin doki 158, da mai filogi shida, 2GR-FE, da ƙarfin doki 268. Honda Accord ta 2003, wadda muke ce wa EOD, haka take: 160 da 240. Dubi tazarar. Turbon da ba zai kashe injin ba da wuya ya kai ka can. Kuma waɗannan manyan injinan an yi su ne su sha mafi arahar fetur ɗin Amurka, wato daidai da namu. Mazauninsu na nan a jikin motar, kayansu na nan a Kofar Ruwa da Panteka da Apo da Ladipo, kuma duk yaron gareji ya taɓa kwance irinsu.

Sharaɗin shi ne kada ka sayi inji tsirara. Rabin mota ake saya, gaban gaba ɗaya: inji da giyarsa, don mai filogi shida ta Camry giya shida take da shi, ɗayar kuwa biyar, da ƙwaƙwalwa, da wayoyi, da shaf, da lagireto, da makulli da na'urar da ke gane makullin. Na taɓa tsayawa kan wata mota a gareji da aka yi wa aikin rabi da rabi. Injin ya zauna daram, gwanin kyau. A ƙarƙashin sitiyari kuwa wayoyi ne ke reto kamar taliya, an naɗe su da baƙin salatif, allon gaba ya kama wuta ja da rawaya kamar gidan biki, allurar zafi ba ta motsi, mai wayarin na zaune a kan taya yana gwada waya ɗaya bayan ɗaya da ɗan ƙwan fitila. Watanta uku a wurin, kaji har sun fara kwana a ƙarƙashinta. Mai ita ya yi tsimin kuɗin wayoyi ne.

Ko an yi shi da kyau, akwai farashinsa. Gaban mota zai ƙara nauyi, sai an duba shokazoba da birki, kuma ni a ganina wanda bai tanadi kuɗin birki da tayoyi ba bai isa ya yi maganar ƙarin gudu ba. Shan mai zai ƙaru, kuma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce. Lambar inji na cikin takardun mota, sai ka riƙe rasit ka je an gyara, in ba haka ba kai da masu shingen hanya ne. Ranar sayarwa kuma, dillali na jin an taɓa inji zai fara rage kuɗi. Sannan ba kowane ɗan gida ne ya dace ba. Masu Corolla sukan yi sha'awar injin 2ZZ-GE, wanda Toyota ta yi tare da Yamaha, amma matsinsa 11.5 ne, fetur mai daraja yake so, kuma ƙarfinsa sai allurar juyin inji ta haura 6,000 yake fitowa. Wa ke kai wa can a hanyar kai yara makaranta?

Inda zan sara wa turbo shi ne tudu. Inji marar turbo yana rasa kamar kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300 da aka hau, don iska na raguwa. Jos na kan mita 1,200 da wani abu, duk wanda ya hau Hawan Kibo da ƙaramar mota cike da kaya ya ji yadda take nishi. Turbo na cike wannan giɓin. Amma maganin wannan shi ne motar da ta fito da turbonta daga kamfani. Wanda kuma yake da mota ta biyu, da kuɗin da ba zai yi kuka ba in sun ƙone, yana son koyo, to bismillah, ya ɗaura, ya fasa, ya sake. A haka ake samun gwanaye, kuma muna bukatarsu.

Ɗan yayata ba shi da mota ta biyu. Na ce ya ɗauki biro ya rubuta kuɗin rabin mota, da na bakanike, da na mai wayarin, da birki, da takardu, da kuɗin Keke Napep na iyalinsa na wata guda. A ɗaya gefen ya rubuta abin da zai cika in ya sayar da tasa ya sayi Camry ɗin da ta zo da filogi shida tun daga masana'antar Toyota da ke Kentucky a Amurka. Ya daɗe yana kallon takardar, ya ce zai leƙa wajen dillalai ranar Asabar. Da zai tafi na ji ƙafar gaban motar na ƙara, na tambaye shi yaushe rabon da ya juye baƙin mai. Ya ce bari ya tuna.