Ranar da ke ƙona mu a Maradi, wa ke bincikenta?

Jiya da azahar na tsaya wurin wata mai itace a unguwarmu. Ɗaurin da na saya bai fi in rungume shi da hannu ɗaya ba, ɗanye ne ma, har ɓawonsa na tsattsafo ruwa. Na ce, "Inna, wannan ai bai bushe ba." Ta ce, "Ɗana, busasshen ya ƙare a daji." Muna maganar nan rana na dukan ƙeyarmu, ƙasa ba ta takuwa ba takalmi. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na tuna da Farfesa Abdou Moumouni.

Yaranmu da yawa sun san sunan ne kawai a jikin jami'ar Yamai. A Tasawa aka haife shi, nan jaharmu, a 1929. Masanin kimiyya ne da ya ba da rayuwarsa ga hasken rana. Tun 1965 gwamnatin Nijar ta kafa ONERSOL, ma'aikatar binciken makamashin rana, shi kuma ya karɓi ragamarta a 1969. A can aka ƙera na'urar dumama ruwa, da murhun girki, da na tace ruwa, duk da rana suke aiki. Da hannun 'yan ƙasa, jama'a! Lokacin da duniya ba ta ma waiwayi abin sosai ba.

Ya rasu a 1991. Yau kuwa duk pano da batir da ka gani a kasuwar Maradi daga waje aka shigo da su, mu namu saye da ɗaura waya. A watan Agusta na 2023 da Najeriya ta katse wutar da ke zo mana ta layin Katsina, kowa ya ji a jikinsa: tela ya naɗe hannu, mai ƙanƙara ta yi asara, masu walda suka koma zaman benci.

Kada wani ya ce mini bincike ɓarnar kuɗi ne. Buhun nan mai ruɓi uku da muke adana wake ba tare da magani ba, masu binciken INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, reshen Tarna, na cikin waɗanda suka gwada shi har ya tabbata. Ni da kaina na kwance na mahaifiyata bayan watanni, wake fes, ko ƙwaro ɗaya babu.

To me ya hana a yi wa rana irin wannan hidima? Ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a garin nan, cike da matasa masu ƙwaƙwalwa. A ware musu kuɗi daga baitulmali, kowace shekara, ba sai an jira masu tallafi ba. Su zauna da maƙeranmu su fitar da murhun da mace za ta iya saye, da abin busar da tumatir da tattasai na masu lambun gulbi. In sun gama, su fito rediyo su yi bayani da Hausa, yadda Inna mai itace za ta ji da kunnenta.