Ba Kowace Wahala Ce "Grit" Ba

Duk mai bin masu huɗubar "yadda za ka yi nasara" a Facebook ya gaji da jin kalmar nan ta grit. A Turanci asalinta tsakuwa ce, irin 'yar mitsitsiyar da ke ɓuya a shinkafa 'yar gida ta nemi fasa maka haƙori. Daga baya Amurkawa suka ɗora ta a kan mutum mai taurin rai, wanda ba ya karaya.

Wadda ta buɗe wa kalmar kasuwa ita ce Angela Duckworth, masaniyar halayyar ɗan'adam a Jami'ar Pensilvaniya. A binciken da ta fitar tare da abokan aikinta a 2007, abu biyu take nufi: ka so abu, sannan ka nace masa shekara da shekaru. Ta gwada ma'auninta a kan sababbin ɗaliban makarantar soja ta West Point da ke Amurka, inda ake gasa musu aya a hannu a makonnin farko, ta ga masu naci sun fi kaiwa ƙarshen horon.

To jama'a, ku dubi yaran nan da kyau. Da ƙafarsu suka je. Akwai abinci, akwai gado, akwai likita, kuma an san ranar da horon zai ƙare. Wahala ce mai ƙofar fita.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ji wani mai ƙaton agogo yana gaya wa matashin da ya gama digiri yana jan Keke Napep cewa grit ne ba shi da shi. Haba malam! Yaron da ke fita tun asuba, ya sha layin mai, ya kai wa mai keke balas, ya koma gida da abin da ko cefane bai isa ba, shi za a koya wa juriya? Abin da ya rasa jari ne da wutar lantarki.

Ko a can ma ba a bar maganar haka ba. A 2017 wani masanin halayyar ɗan'adam, Marcus Credé, da abokan aikinsa sun tattara sakamakon bincike a kan rukunin mutane 88, suka ce tasirin grit a kan nasara bai kai yadda ake kururutawa ba, kuma kusan tsohuwar ɗabi'ar nan ce ta riƙe aiki da muhimmanci aka sake wa suna. Masu sayar da tikitin taron ƙara wa juna sani dai ba su cika kawo wannan ɓangaren ba.