Jason Hickel da ma'aunin talauci na Bankin Duniya

A watan Yunin 2025 Bankin Duniya ya ɗaga ma'aunin matsanancin talauci daga dala 2.15 zuwa dala 3 a rana, kuma nan take matalautan duniya suka ƙaru da fiye da miliyan 100 a kan takarda. Abin haushin shi ne yadda masu yi mana albishir cewa talauci ya kusa ƙarewa suka ci gaba da waƙarsu, kamar ba a taɓa gargaɗinsu cewa wannan layi son rai ne ke shata shi ba.

Jason Hickel ya daɗe yana wannan gargaɗi. An haife shi a Suwazilan, wato Eswatini ta yau, a 1982, ya kuma girma a can, inda iyayensa ke aikin likita a lokacin da ƙanjamau ke cin ƙasar. Ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Bajiniya a fannin nazarin rayuwar al'umma, ya koyar a Landan, yanzu kuma yana Basalona. A 2019, da Bill Gates ya yaɗa wani jadawali mai nuna cewa talauci ya sauka daga kashi 94 cikin ɗari a 1820 zuwa kashi 10, Hickel ya mayar masa da martani a jaridar Guardian. Hujjarsa ita ce, ba a fara tattara sahihan alƙaluman talauci ba sai 1981, sannan manomin da mulkin mallaka ya ƙwace wa gona ya mayar da shi ɗan ƙwadago, jadawalin zai lissafa shi cikin waɗanda suka samu ci gaba don kawai kuɗi ya fara ratsa hannunsa. Idan kuwa aka ɗauki dala 7.40 a rana, wadda yake ganin ita ce ke iya ciyar da mutum, matalautan sun haura biliyan 4.

Masu sukarsa sun ce aƙidarsa ta taƙaita haɓakar tattalin arziki za ta dawwamar da Afirka cikin fatara, wanda ke nuna ba su karanta shi ba. Ƙasashe masu arziki yake nufi su rage ɓarnar makamashi da albarkatu, domin bincikensa na 2020 ya ɗora musu alhakin kashi 92 cikin ɗari na hayaƙi mai ɗumama duniya da ya wuce kima.

Duk wanda ya ga abin da shirin SAP na 1986, wato tsarin tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya ya mara wa baya a Najeriya, ya yi wa masaƙun Kano da Kaduna ba ya buƙatar farfesa daga Basalona ya fassara masa wannan magana. Gwamnatocin Afirka su daina karɓar ma'aunin da mai ba su bashi ya tsara, su riƙa auna abinci da magani da ruwan sha da ke isa gidajen mutane, su kuma buga sakamakon ko da Washinton, mazaunin Bankin Duniya, ba ta ji daɗinsa ba.