Bush babba ba sojan laima ba ne

Mutane da dama da suka ga hotunan tsohon shugaban Amurka George H. W. Bush yana dirowa daga sama da laima, har a ranar cikarsa shekara 90 a 2014, sun ɗauka tsohon sojan laima ne, irin na rundunar 82 ta Amurka da ke atisayen dira da ƙawayenta na NATO a Turai. Ba haka ba ne. Sojan ruwa ya shiga a 1942, ranar da ya cika shekara 18, ya zama matuƙin jirgin kai farmaki mai tashi daga kan jirgin ruwan San Jacinto.

Dirarsa ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu dole ce ta sa. Ranar 2 ga Satumba 1944, Japanawa suka harbi jirginsa a tsibirin Chichijima, wuta ta kama injin. Sai da ya saki bama-bamansa sannan ya faɗa teku da laima. Abokan tafiyarsa biyu ba su tsira ba. Ya yi sa'o'i a ɗan kwalekwalen roba kafin jirgin ƙarƙashin ruwa, Finback, ya tsamo shi. Dirar tsufa kuwa sha'awa ce kawai.