Kunyar Bakin Ƙofa da Kuɗin Wuta a Ingila

A wata Asabar cikin watan Nuwamba, da la'asar sakaliya wadda a nan Ingila duhu ya riga ya rufa, ƙanin maiɗakina da ya zo karatun digiri na biyu ya kira ni a waya, muryarsa a sanyaye. Ya ce, "Yaya, ina jin na yi wauta." Wani saurayi ne ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, da katin shaida rataye a wuya da kwamfutar hannu a hammata, ruwa ya jiƙa shi sharkaf. Ya ce shi wakilin wani kamfanin wuta da gas ne, yana zagaya unguwa don ya rage wa mutane kuɗin da suke biya. Yaron namu ya shigar da shi falo, ya haɗa masa shayi, ya ɗauko masa takardar kuɗin wuta da ya nema. Baƙon ya duba, ya girgiza kai kamar mai jaje, ya ce fam 130 da ake cire masa duk wata ya yi yawa, su za su mayar da shi fam 95. Bayan kusan minti arba'in sai ya miƙo kwamfutar, yaron ya sa hannu da ɗan yatsa. Da na tambaye shi ko ya gamsu da bayanin ne, sai ya ce, "Wallahi Yaya ban gamsu ba, na dai ga ya sha sanyi, ya kuma daɗe a zaune, sai na ji nauyin in sallame shi hannu rabbana."

Wannan jimla tasa ta ƙarshe ce ta sa na zauna rubuta wannan, domin na sha jin irinta daga bakin mutanenmu da ke zaune a ƙasar nan, manya da yara. An tarbiyyantar da mu a kan cewa baƙonka annabinka, kuma wanda ya yi sallama a ƙofarka ba a barinsa a tsaye. Mai talla a gida, ko dillaliya da ke shiga gidaje da ƙullin atamfa, mutum ne da aka san asalinsa, idan kayan sun yi aibi an san inda za a same shi gobe. Wanda ke ƙwanƙwasa ƙofa a Bradford ko Manchester kuwa ba za ka sake ganinsa ba, abin da zai bar maka yarjejeniya ce ta shekara ɗaya ko biyu da kamfanin da ba ya jin kunyar kowa. Ra'ayina shi ne, dokar ƙasar nan ta ba mai saye kariya mai yawa, amma kara da kunya suna hana mu amfani da ita, shi ya sa muke biyan kuɗin da maƙwabtanmu ba sa biya.

Dabarar da aka yi wa yaron nan tsohuwa ce. Kuɗin da ake cirewa daga asusunka kowane wata ba shi ne farashin wuta ba, kintace ne kawai na abin da ake zaton za ka sha a shekara, aka raba shi gida goma sha biyu. Kowane kamfani zai iya rage wannan adadi a ranar da yake neman ka, sannan bayan hunturu ya wuce ya aiko maka da saƙo cewa ana binka bashi, ya ɗaga cirar ta wuce inda take a da. Farashin gaskiya lambobi biyu ne da ke rubuce a takardar kowa: kuɗin kowane yunit na wuta ko gas, da kuma kuɗin da ake caja kullum don kawai akwai mita a gidan, ko ka kunna fitila ko ka tafi Kano hutun wata guda. Duk wanda bai nuna maka waɗannan biyun ba, bai gaya maka komai ba tukuna.

Ga misali na lissafi, da lambobin da na zaɓa don sauƙi. A ce kamfani na farko yana sayar da yunit a kan kwabo 25, kuɗin mita kuma kwabo 60 a rana, na biyu kuma yunit kwabo 27, kuɗin mita kwabo 45. Ɗalibin da ke zaune shi kaɗai yana shan yunit 1,800 a shekara zai biya fam 669 a na farko, a na biyu kuwa kimanin fam 650, wato wanda yunit ɗinsa ya fi tsada shi ne ya fi masa araha. Magidanci mai 'ya'ya huɗu da injin wanki da ba ya hutawa, wanda ke shan yunit 4,000, zai biya fam 1,219 a na farko da kimanin fam 1,244 a na biyu. Tayi ɗaya ne, amma ya yi wa wannan daɗi ya cuci wancan, kuma babu yadda za a yi mutum ya gane haka yana tsaye a bakin ƙofa da silifas, iska tana kaɗa shi, wani yana kallon ƙwayar idonsa.

Wani abin da ke rikita mutanenmu shi ne iyakar farashi da hukumar Ofgem, mai kula da harkar wuta da gas, ta fara sawa a watan Janairun 2019, wadda yanzu ake sabuntawa duk bayan wata uku. Idan aka ji a labarai an ambaci wani adadi na fam a shekara, sai a ɗauka ba za a taɓa biyan abin da ya wuce shi ba. Iyakar tana kan kuɗin yunit da kuɗin mita ne, adadin da ake ambata kuwa lissafin matsakaicin gida ne. Mu da muka taso a rana, muke kunna ɗumama ɗaki tun daga Oktoba har Afrilu, da wuya mu zama matsakaicin gida.

Masu zuwa ƙofa ba su da tarihi mai kyau a wannan harka, kuma wannan ba zargi ba ne daga wurina. Tsakanin 2011 da 2012 manyan kamfanonin wuta shida na ƙasar nan sun daina aika masu talla gida-gida bayan koke-koke sun yi yawa, a watan Afrilun 2013 kuma Ofgem ta ci kamfanin SSE tarar fam miliyan 10.5 saboda yaudarar masu saye wajen talla. Dokar ba ta haramta sana'ar ba, shi ya sa har yau ake ƙwanƙwasawa, musamman masu sayar da intanet ɗin gida a unguwannin da aka ja sabuwar waya. Ni ina tausayin yaran da ke wannan aiki, domin da yawansu la'ada suke ci, idan ba su samu sa hannu ba sun yi yawon banza a cikin sanyi. Wani lokaci ma tayin da suka zo da shi na gaske ne. Amma tayi na gaske ba ya lalacewa don an kwana a kansa, kuma duk wanda ya ce maka rangwamen na yau ne kaɗai, to ya gaya maka abin da ya kamata ka sani game da shi.

Abin da ya ceci yaronmu shi ne dokar yarjejeniyar masu saye ta 2013, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2014. Ta ce duk abin da aka sayar maka a gidanka wanda kuɗinsa ya wuce fam 42, haka ma abin da ka saya ta waya ko ta intanet, kana da kwana 14 da za ka fasa ba tare da ka ba da wani dalili ba. Wajibi ne mai sayarwa ya ba ka wannan bayani a rubuce, idan kuma ya ɓoye, wa'adin fasawar yana iya tsawaita har shekara guda. Akwai 'yan abubuwan da dokar ta ware, kamar kayan da aka ƙera musamman dominka, kuma idan kai ka nemi a fara maka aiki a cikin kwanakin nan za ka biya na abin da ka mora. Sannan doka ta hana mai talla ya ci gaba da zama bayan ka ce ya tafi, ko ya dawo bayan ka ce kada ya dawo. A kula da wani bambanci da ke kama mutane: wanda ya taka da ƙafarsa ya shiga shagon waya ya sa hannu a can ba shi da waɗannan kwana 14 a doka, sai dai idan shagon ya ga dama.

Da na gaya wa yaron haka, abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "To Yaya, ba za a ce na yi ƙaramar magana ba?" Nan ne na ga girman matsalar. Yana ganin ya yi alkawari da mutum, alhali kamfanin ya riga ya sa masu fasawa a cikin lissafinsa tun kafin ya aiko kowa. Na zaunar da shi ranar Lahadi muka rubuta saƙon imel na layi uku, da sunansa da adireshi da ranar da ya sa hannu, muka ce ya fasa. Na hana shi kiran waya, saboda a waya za a haɗa shi da wani mai daɗin baki wanda aikinsa ke nan ya hana mutane tafiya, kuma na san kunyar da ta kama shi a falo za ta sake kama shi.

Ba ina cewa a zauna da kamfani ɗaya har abada ba ne. Wannan ita ce ɗaya cutar tamu, kuma ina ganin daga gida muka taho da ita, inda mutumin Kano bai da wani zaɓi sai KEDCO, ba a taɓa tambayarsa wa yake so ya ba shi wuta ba. A nan ruwan famfo ne kaɗai magidanci ba ya iya sauya kamfaninsa. Wuta da gas kuwa ana sauyawa cikin kwana biyar na aiki, ba a yanke komai, ba a taɓa waya ko bututu, sunan da ke kan takarda ne kawai ke canzawa. Ɗan haya da ke biyan kuɗin wuta da sunansa yana da ikon sauyawa. Wanda ya ɗaure farashi na shekara yana iya fita ba tare da tara ba idan saura kwana 49 ko ƙasa da haka yarjejeniyar ta ƙare. Masu tsoron kada ƙaramin kamfani ya rushe da kuɗinsu su tuna cewa a rikicin farashin gas na 2021 kamfanoni kusan talatin sun durƙushe, amma ba a yanke wa gidaje wuta ba, Ofgem ta mayar da su wasu kamfanonin tare da ragowar kuɗinsu.

Shafukan kwatanta farashi irin su Uswitch da MoneySuperMarket suna da amfani, ni ma da su nake farawa, amma su ma dillalai ne masu cin la'ada idan ka sauya ta hannunsu, don haka nakan duba biyu, in sa ainihin yunit ɗin da na sha a shekarar da ta wuce, in kuma leƙa shafin kamfanin kansa.

Harkar waya ta fi ba ni haushi, domin a nan ne ake cin kuɗin mutanenmu cikin ruwan sanyi. Mutum ya karɓi sabuwar waya a kan yarjejeniyar wata 24, ya gama biyan kuɗin wayar, amma ya ci gaba da biyan adadin nan shekara ɗaya ko biyu a gaba saboda bai duba ba. Tun watan Fabrairun 2020 hukumar Ofcom, mai kula da harkar waya da intanet, ta wajabta wa kamfanoni su sanar da mutum idan yarjejeniyarsa ta kusa ƙarewa, sai dai saƙon yakan nutse cikin tallace-tallace. Kafin 2025 kuma akwai wani sharaɗi da ake binnewa a ƙananan rubutu, cewa duk shekara za a ƙara kuɗi gwargwadon hauhawar farashi da ƙarin kashi 3.9 cikin ɗari, abin da ya sa a watan Afrilun 2023 wasu suka wayi gari da ƙarin kashi 14.4. Daga 17 ga Janairun 2025 an hana wannan a sababbin yarjejeniyoyi, dole a rubuta ƙarin da fam da kwabo tun ranar sa hannu. Ƙarin bai tafi ba, an dai tilasta a faɗe shi, kuma mai tallan bakin ƙofa zai ambaci kuɗin watan farko da ƙarfi ya bi ta kan sauran da sauri.

Abin da na fi so a dokokin waya shi ne wanda kamar don masu kunya aka yi shi. Tun watan Yulin 2019 ba sai ka yi magana da kowa ba idan za ka bar kamfanin layinka. Ka aika kalmar INFO zuwa 85075 a gaya maka ko akwai sauran kuɗi a kanka, ka aika PAC zuwa 65075 a turo maka lambar da za ka ba sabon kamfani, wadda ke aiki har kwana 30, ka tafi da lambar wayarka yadda take, 'yan uwa a gida ba za su ma san an yi ba. Intanet ɗin gida ma tun watan Satumban 2024 sabon kamfanin ne ke ɗaukar nauyin sallamar tsohon. Waɗanda ke karɓar tallafin Universal Credit, wanda gwamnati ke ba masu ƙaramin ƙarfi, kuma akwai farashi mai rahusa da kamfanoni da yawa suka ware musu, wanda ba kasafai ake tallarsa ba sai an tambaya.

Ranar Laraba kamfanin ya amsa wa yaronmu cewa an soke. Da na je gidansa a makon da ya biyo baya na tarar ya manna 'yar takarda a jikin ƙofa mai cewa ba a son masu talla, irin wadda ƙananan hukumomi da yawa ke rabawa kyauta. Ya ce wani ya sake zuwa duk da haka, mai sayar da intanet. Ya gaishe shi daga bakin ƙofa, ya ce ya bar takardar farashi zai duba, mutumin ya ce ba su da takarda, sai dai a yi komai a kan kwamfutarsa yanzu. Yaron ya ce masa to Allah ya ba da kasuwa, ya rufe ƙofa. Ya ce mini har ya koma ya zauna ƙirjinsa na bugawa, kuma sau biyu yana leƙawa ta taga ya ga ko mutumin ya samu inda zai fake wa ruwan.