Masu son mota da ke koyon dabarun faɗa: wace tarbiyya ke bin su zuwa kan titi?

A watan Maris na 1970, ɗan wasan fim na Amurka Steve McQueen ya shiga tseren motoci na awa 12 a Sebring da ke jihar Florida, ƙafarsa ta hagu na ɗaure cikin filasta saboda karayar da ya samu a kan babur. Shi da abokin tuƙinsa Peter Revson suka zo na biyu da motar Porsche 908. McQueen kuma ɗalibin Bruce Lee ne a fagen dabarun faɗa, yana ma cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa a Seattle a 1973. Lewis Hamilton, wanda ya ci kambin duniya na tseren motoci na Formula 1 har sau bakwai, ya fara koyon kareti tun yana ƙaramin yaro saboda cin zalin da ake yi masa a makaranta. Jackie Chan, da duniya ta san shi da tsalle da naushi, yana da hannu a ƙungiyar tseren da motarta ta zo ta biyu a gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa a 2017. Ban da waɗannan sanannu, akwai ɗimbin mutanen da ba a san sunansu ba, waɗanda da rana suna ƙarƙashin mota da sifana a hannu, da dare kuma suna kan katifar judo ko gaban buhun naushi.

Ba na jin haɗuwar nan ta zo a kan katari. Duk wanda ya taɓa yin abubuwan biyu ya san jiki ɗaya suke nema. Mota, duk girmanta, a kan wurare huɗu kawai take taɓa ƙasa, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Ka taka birki, nauyinta ya ruga gaba, tayoyin baya su yi sakayau. Ka taka totur, nauyin ya koma baya. Ka shiga kwana, ya kwanta a kan tayoyin waje. Gwanin direba ba sitiyari kaɗai yake juyawa ba, nauyin nan yake lallaɓawa daga wannan taya zuwa waccan ba tare da ya fizge shi ba. Ɗan judo ma aikinsa ke nan. Kafin ya ka da mutum sai ya fara raba shi da daidaituwarsa, ya jawo nauyinsa kan yatsun ƙafa ko ya tura shi kan diddige, sannan jifar ta zo da sauƙi. Wanda ya yi shekaru yana jin inda nauyin abokin karawarsa ya karkata, in ya zauna a kujerar direba zai ji motar na gaya masa irin wannan magana ta ƙugunsa da tafin hannunsa.

Haka batun ido da numfashi. Ana koya wa direban tsere ya kalli inda yake so ya je, domin wanda ya ƙura wa bishiya ido a lokacin da mota ta ƙwace, bishiyar yake samu. Ɗan dambe ma ba ya bin dunƙulen abokin hamayya da ido, ƙirji da kafaɗu yake kallo, daga nan yake gane abin da ke tafe. Sabon shiga a kan katifa yakan sanƙarar da jiki, ya riƙe numfashi, kafin minti biyu ya fara haki. Sabon direba yakan shaƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa su tashi, sai ya daina jin abin da tayoyin gaba ke yi. Maganin duka biyun shi ne sakin jiki a daidai lokacin da tsoro ke cewa a ƙanƙame.

Daga nan ne masu sha'awar abubuwan biyu suke ɗora wata magana da ban yarda da ita ba. Sukan ce horon faɗa yana kaifafa mutum, yana sa ya yi saurin mayar da martani, saboda haka sun fi sauran direbobi tsira a kan hanya, kuma gudun da zai halaka wani su ba zai yi musu komai ba. A zauna a yi lissafi. Motar da ke tafiyar kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A ce horo ya rage wa mutum kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa kafin ƙafarsa ta kai birki, ribar da ya samu mita uku ce zuwa shida. Amma in ya dogara da wannan kaifi ya ƙara gudu daga 100 zuwa 140, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ta kusan ninkawa biyu, domin ƙarfin da ke cikin abu mai gudu ba ya tashi daidai da gudun, ninkuwa yake yi: ka ninka gudu sau biyu, tazarar birki ta ninku sau huɗu. Ko baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa a dabarun faɗa, ba ta sauya wannan. Taya da kwalta ba su san wanda ke riƙe da sitiyari ba.

Bincike ma bai goyi bayan masu wannan magana ba. A 1974 wasu masu nazari a Amurka, Allan Williams da Brian O'Neill, sun duba tarihin tuƙin direbobin tsere masu lasisi a kan titunan jama'a, suka kwatanta da na direbobin gama-gari. Abin da suka tarar shi ne 'yan tseren sun fi yawan haɗurra, sun kuma fi yawan laifin gudun wuce ƙima. A ƙasar Norway an taɓa wajabta wa sababbin direbobi kwas na sarrafa mota a kan hanya mai santsi, daga baya nazari ya nuna haɗurran samari maza a kan irin wannan hanya ƙaruwa suka yi. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne, kwas ɗin ya ƙara musu yarda da kai fiye da yadda ya ƙara musu iyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗurran hanya kowace shekara, kuma babu abin da ya fi su kashe masu shekara 5 zuwa 29. Maza ne suka fi yawa a cikin mamatan, wato dai rukunin da ya fi cika garejin gyaran mota da ɗakunan horo.

Kada kuma a ɗauka duk wanda ya shiga ɗakin horo ya fito da natsuwa. Wani nazari da Inger Endresen da Dan Olweus suka wallafa a 2005, bayan sun bi yara maza a Norway na tsawon shekara biyu, ya gano cewa waɗanda ke wasannin nuna ƙarfi irin su dambe da kokawa da ɗaga ƙarfe sun fi shiga faɗa da ɓarna a waje. Akwai wuraren horo da ba abin da suke ƙara wa saurayi sai girman kai. Irin wannan in ya samu mota mai ƙarfin doki ɗari huɗu, an haɗa masa makami biyu ke nan, kuma ba a ba shi linzamin ko ɗaya ba.

To mene ne amfanin haɗin, in ba saurin hannu ba? A ganina amfanin na wani wuri ne da masu son mota ba su cika ambata ba. Ƙarfin inji saye ake yi. Wanda ya samu lasisi jiya, in yana da kuɗi, yau zai iya fita da motar da ta fi ta gogaggen direba gudu, kuma motar ba za ta taɓa gaya masa gaskiya ba. Yana taka totur tana amsawa, sai ya ɗauka gwanintarsa ce. Katifar horo ba ta karɓar kuɗi. Wanda ya je koyon jijitsun Birazil, wani salon kokawa na murɗiya da shaƙa, ko attajiri ne ko ƙato, a makonsa na farko wani siririn yaro da bai kai shi nauyi ba zai murɗe shi ya shaƙe, har sai ya bubbuga hannu alamar ya sallama. Gobe ma haka, wata mai zuwa ma haka. Kafin ya kai baƙar ɗamara, wadda a wannan wasa takan ɗauki shekara goma ko kusa da haka, ya sallama sau ba adadi. Mutum ya koyi da jikinsa cewa gaba da gabanta, ya koyi gane iyakarsa kafin gwiwar hannu ta karye, ya kuma saba da cewa sallamawa ba mutuwa ba ce: a tashi, a gaisa, a sake. Wannan darasi nake so ya bi mai son mota zuwa kan titi, domin mota ba ta da inda ake bubbuga mata hannu ta saki. In ta ƙwace a gudun 150, ta ƙwace.

Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a Tokiyo a 1882, ya gina ta a kan ginshiƙai biyu: amfani da ƙarfi ta hanya mafi dacewa, da kuma amfanin juna tsakanin masu horo. Har yau abin da ake fara koya wa ɗan judo shi ne yadda zai faɗi ba tare da ya ji ciwo ba, kafin a koya masa ka da wani. Duk abin da ake yi a ɗakin horo mai tsari yana tafiya ne bisa yarda. Wanda zan jefa ya amince in jefa shi, akwai katifa a ƙasa, akwai malami ko alƙalin wasa da zai ce a tsaya, a gasa kuma ana haɗa mutum da sa'ansa a nauyi. Filin tsere ma haka yake: kowa ya sa hular kwano, kowa hanya ɗaya ya nufa, akwai fili a gefen kwana don wanda ya zarce, akwai masu tuta, ruwan ɗorawa in da haɗari a gaba, ja in a dakata, ga motar asibiti a tsaye. Titin jama'a ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Matar da ke tsallaka hanya da yaro a hannu ba ta amince ta shiga wasan kowa ba. Ɗan kareti da zai ji kunyar gwada sabon bugun ƙafa a kan mai wucewa, me ya sa ba ya jin irin wannan kunya sa'ad da yake gwada sabon injinsa a tsakanin masu keke da masu tafiya a ƙasa? Abu ɗaya ne, sai dai na biyun ya fi kisa.

Labarin ɗan wasan fim na Amurka Paul Walker yana yi mini ciwo a nan, domin shi ne mutumin da abubuwan biyu suka haɗu a kansa ƙarara. Masoyin mota ne na gaske, yana shiga tsere, kuma ya kai ɗamara ruwan ƙasa a jijitsu, matakin da ke gab da baƙa. Ya rasu ranar 30 ga Nuwamba 2013 a Santa Clarita da ke Kalifoniya yana da shekara 40, a kujerar fasinja ta Porsche Carrera GT. Abokinsa da ke tuƙin, Roger Rodas, gogaggen ɗan tsere ne, shi ma ya rasu. Masu bincike sun ce motar na gudun tsakanin kilomita 130 zuwa 150 a awa a titin da iyakarsa ba ta wuce 72 ba, kuma tayoyinta sun kai shekara tara. Gwanaye biyu ne a cikin motar. Abin da babu shi ne filin zarcewa, sai turken fitila da bishiyoyi.

Akwai wuri guda da nake ganin horon faɗa na yin aiki kai tsaye a kan hanya, wato rigimar direbobi. Wani ya sha gabanka ba sigina, ka danna ham, ya zage ka, kafin ka ankara an buɗe ƙofofi. Wanda bai taɓa shan naushi ba shi ya fi saurin fitowa. Wanda ya yi horo na gaske ya san abin da sauran ba su sani ba: naushi ɗaya ya isa ya sumar da mutum, kuma sau da yawa ba naushin ke kisa ba, buguwar ƙeya da kwalta ce. Yawan irin wannan mutuwa ne ya sa jihar New South Wales ta Ostiraliya ta yi doka ta musamman a kai a 2014. Gichin Funakoshi, wanda ya kai kareti daga Okinawa zuwa Tokiyo a 1922, ya koyar da cewa ɗan kareti ba ya fara kai hari. A kan titi ma'anar wannan a fili take: ka kulle ƙofa, ka ɗaga hannu ko da kai ke da gaskiya, ka bar shi ya wuce. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, kuma wanda ya saba sallamawa a kan katifa bai kamata wannan ya yi masa nauyi ba.

Za a ce da ni filin tsere ba ko'ina yake ba, inda yake ma yana da tsada, to ina mai son gudu zai sauke ƙishirwarsa? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma ɗan dambe da bai samu abokin karawa ba buhu yake duka, ba ya tare mutane a hanya. Akwai ƙananan motocin tsere na kat, akwai na'urorin kwaikwayon tuƙi da manyan direbobi ma ke amfani da su, akwai rufaffen fili da ƙungiya za ta iya haɗa kuɗi ta kama na yini guda da izinin hukuma, a jera robobi a gwada iyawa a gudun da ba ya kisa. Kuma son mota ya fi gudu faɗi. Sauya giya ba tare da fasinja ya ji ba, tsayar da mota ba tare da kansa ya gyaɗa ba, gane ciwon inji daga ƙararsa, duba shekarun taya ba zanenta kaɗai ba, duk gwaninta ce da ke cin shekaru.

Abin da nake so ƙungiyoyin masu son mota su aro daga ɗakunan horo masu mutunci shi ne ikon babba a kan ƙarami. A can, ɗalibin da aka ji ya je ya doki wani a waje, malami na iya dakatar da shi ko ya kore shi, manyan ɗalibai kuma ba sa yi masa tafi. A taron motoci kuwa sau da yawa wanda ya ɗauki bidiyon allurar gudunsa a kan babbar hanya shi ake zagayewa ana jinjina wa. Waɗanda ke da ƙafa a gidajen biyu su ne suka fi dacewa su sauya wannan, domin sun ga yadda ake yi, kuma samari na jin maganarsu. Su fara da ƙin yaɗa irin wannan bidiyo, sannan su sa a rubuta a dokar ƙungiya cewa wanda aka kama yana tsere a titin jama'a ba zai ajiye motarsa a taro na gaba ba.