Sai an zo an duba kafin a kunna

Mutanenmu da yawa da ke zaune a Silver Spring, a jihar Maryland ta Amurka, ba su san cewa garin ba shi da magajin gari ba. Duk girmansa da cinkosonsa, ba shi da hukumar birni tasa, gundumar Montgomery ce ke riƙe da shi kai tsaye. Wasu da suka ji haka sai su ɗauka an sakar musu mara, wai tunda babu hukumar birni babu mai tambaya. Ina! In na'urar ɗumama gidanka ta mutu a tsakiyar Janairu, ko za ka sauya babbar na'urar sanyaya gida, sashen ba da izini na gunduma ne zai ba da takarda. In aikin ya taɓa bututun gas, hukumar ruwa ta yankin, wato WSSC, ita ma tana da nata izinin da nata masu dubawa. Maƙwabtanka na Rockville da Gaithersburg kuwa, ofishin birninsu suke zuwa maimakon na gunduma. Ƙaramar eyasin da ake maƙalawa a taga dai ba ruwan kowa da ita.

Abin da cin rai, ban musa ba. Dole mai aikin ya kasance da lasisin jiha, kuma kuɗin takardar a kanka zai juye shi. Shi ya sa ake samun mai cewa, "Alhaji, bari in yi maka ranar Asabar, ba takarda, rabin kuɗi." Ranar da ka zo sayar da gidan, ko gobara ta tashi kamfanin inshora ya fara tambayoyi, a nan arha za ta zama tsada.

Amma ni na tsaya a bayan tsarin saboda abu guda: wanda aka biya ya yi aikin ba shi ne ke cewa aikin ya yi ba. Wani ne daban zai zo, ya haska tocila a mahaɗar bututun hayaƙi, ya bi shi ya ga inda ya fita, ya duba ko kaurin waya ya dace da nauyin na'urar. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari ko launi, mutum yana barci zai wuce.

A Kano, hukumar tsara birane ta KNUPDA na amincewa da zanen gini, daga nan kuma sai Allah. Mai gyaran eyasi zai zo da tsani da guduma, ya huda bango, ya jona a wayar da aka ja don ƙwan fitila da fanka, ya naɗe da salatif, ya karɓi kuɗinsa. Da yawansu gwanaye ne, hannunsu ya fi na wasu masu lasisin nan, sai dai babu mai bin bayansu. Kullum gobara ta ci kasuwa sai a ce wutar lantarki ce, a yi jaje, a sake jan wayar yadda take. Ga janareto a zaure, ga kaskon gawayi a ɗaki rufe lokacin hunturu.

Na san abin da za a ce mini: a kawo wannan gida, ya zama wata sabuwar hanyar karɓar na goro. Haka ne, shi ya sa ba na son a kwaso tsarin ɗungurungum. A fara da kasuwanni, otal-otal da ɗakunan kwanan ɗalibai, a duba waya da gas kawai, kuma mai dubawar ya sa hannu da cikakken sunansa, yadda in wuta ta tashi za a san ƙofar wa za a ƙwanƙwasa.